Ƙwaryar Awon Mai Gari Nomau

Bayan an ci tuwo, jikokin Kaka Hakama suka kewaye tabarmarta a tsakar gida. Ta raba musu dafaffiyar gyaɗa a ƙoƙuna, ta miƙe ƙafa.

Ta ce, "Ga ta nan tafe, ga ta nanku."

Suka ce, "Ta ƙaraso mu ji ta, Kaka."

Ta ce, "To, ke Barira, ɗauke idonki daga ƙoƙon Sa'a. Da hannu ɗaya na ɗibar muku. Ci naki ki buɗe kunne, don ta yau da irinku take."

Wani mai gari ne aka yi, ana ce masa Barmo. Kogi ya ratsa garinsa ta tsakiya. Wannan ɓangare ana ce masa Tudun Marke, gida ɗari uku, ga baƙar ƙasa mai albarka. Wancan ɓangare ana ce masa Hayin Tsamiya, gida arba'in, sai yashi da ƙaya. Barmo yana da 'ya'ya biyu maza, Nomau babba, Arzika ƙarami.

Da Barmo ya ji ciwon nan ba na tashi ba ne, sai ya sa aka tsinko duma guda a bayan gidansa. Sai aka fafe shi gida biyu, aka sami ƙwarya biyu daidai wa daida, in ka kifa wannan a kan wannan ko tururuwa ba ta samun hanya. Sai ya kira 'ya'yansa.

Ya ce, "Nomau, Tudun Marke naka ne. Arzika, Hayin Tsamiya naka ne. Ga ƙwarya, kowa ya ɗauki ɗaya. Da ita za ku karɓi haraji. Duk dami biyar da talaka ya noma, tsaba ƙwarya guda ta gari ce. Kada ku ƙara. Abin da kuka tara kuma ba naku ba ne, ajiya gari ya ba ku."

Suka ce, "Mun ji, Baba."

Sai Allah ya yi masa rasuwa.

To, a ƙasar nan akwai wata al'ada. Ƙwaryar gari a ƙofar rumbun gari ake rataye ta, kowa yana gani. Duk abin da za a auna a garin, haraji ne, bashi ne, gado ne, da ƙwaryar da ke rataye a ranar awon ake aunawa. Ku riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa.

Akwai kuma wata tsohuwa, Tasalla mai awo. Shekara talatin tana yi wa Barmo awon haraji. Da aka raba gari sai ta zauna a Tudun Marke wajen Nomau, don nan ɗakinta yake.

Shi Nomau, ku ji ni da kyau, shi aka ba babban rabo. Amma irin mutanen nan ne da tuwonsu ba ya yi musu daɗi sai sun leƙa akushin maƙwabci. Tun suna yara haka yake. In aka ɗinka musu riga iri ɗaya, sai ya ce ta Arzika ta fi dogon hannu.

Ana nan, ana nan, sai ga Madugu Cindo da ayarinsa. Shi wannan madugu duk rani yake ratsowa da jakuna, da gishiri da kanwa da tufafi da kuɗin wuri buhu-buhu. Yakan ba masu gari kaya bashi, su biya shi da gero bayan kaka. Sai Arzika ya je wurinsa, ya karɓi kaya na ƙwarya dubu. Sai ya ɗauki mahaƙa suka haƙa rijiya a bakin hanya. Sai ya sa aka kafa rumfuna goma sha biyu kusa da ita. Fataken da a da suke wucewa da ƙishirwarsu sai suka fara yada zango a nan. Mata suka kawo fura, maza suka kawo ciyawa da itace. Baƙi suka ga wurin zama ne, suka kafa bukkoki. Kafin ka ce me, kasuwa ta kafu a Hayin Tsamiya.

Wata rana da la'asar Nomau yana zaune a gindin marke, sai ya hango sabuwar ciyawar rumfuna tana sheƙi a hayi. Aka kawo masa fura, ya kasa sha. Sai ya aika aka kira Madugu.

Ya ce, "Madugu, nawa ka ba yaron nan?"

Madugu ya ce, "Kayan ƙwarya dubu, ranka ya daɗe."

"Abin da ka ba shi, ba ni."

"An gama. Ƙwarya dubu, da ƙwaryar gari, ranar biya. Rumbun gari da rumbun iri da duk abin da ke na gari su ne jingina."

"Yaushe ne biyan?"

"Bayan kaka uku. Ni ba na gaggawa."

Tasalla tana gefe, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, tunda an karɓa, rijiyar yamma ta rufta tun bara. Mata har kogi suke zuwa."

Nomau ya ce, "Iya, rijiya a ƙasa take. Wa zai hango ta daga hayi?"

Sai ya tara magina. Ya ce su gina masa soro hawa uku, wanda in Arzika ya fito ƙofar gida sai ya ɗaga kai kafin ya ga ƙarshensa. Aka buga tubali, aka sari giginya aka yi azara, aka shafe shi da makuba. Kayan Madugu suka ƙare ana hawa na biyu. Sai Nomau ya sa aka buɗe rumbun gari, aka kwashe abin da ke ciki aka ƙarasa na uku. Soro kam ya yi kyau, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai dai babu abin da ake yi a cikinsa illa Nomau ya hau can ƙoli ya zauna yana kallon hayi.

Kaka ta yi. Nomau ya leƙa rumbun gari, ya ga sai kashin ɓera. Ga soro yana son yaɓe, ga magina suna bin sa sauran lada. Sai ya sauke ƙwaryar Barmo daga ƙofar rumbu, ya wurga ta baya, kaji suka samu ta shan ruwa. Sai ya rataye wata, mai cin biyun ta farko.

Tasalla ta zo awo, ta tsaya ta dube ta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ƙwaryar Baba ba ce."

Ya ce, "Baba cewa ya yi ƙwarya guda a dami biyar. Na ƙara ta biyu?"

"A'a."

"To auna, Iya."

Sai ta auna, ranta ba ya so. Talakawa suka biya, kowa yana haɗiye magana. Da rani ya yi, kogi ya ja baya, sai gida hamsin suka ɗaure kayansu suka haye. A can Arzika ya karɓi nasa da ƙwaryar ubansa. Da yake gidaje sun ƙaru, sai rumbunsa ya cika. Ya biya Madugu kashi ɗaya cikin uku na bashinsa. Abin da ya rage sai ya haƙa karofi ashirin a bayan kasuwa, marina suka zo, mabuga suka biyo su.

Wata safiya Nomau yana kan soronsa, sai ya ji dum, dum, dum daga hayi. Azahar ta yi, dum, dum, dum. La'asar ta yi, ba a daina ba.

Ya ce, "Wane biki yaron nan yake yi da ba a gaya min ba?"

Tasalla ta ce, "Ba biki ba ne, ranka ya daɗe. Mabuga ne suke bugun turkuɗi. Sana'a ce."

Ya ce, "Sana'a ko ba sana'a ba, garinsa yana ƙara nawa yana shiru. Baƙo in ya zo, wanne zai ce na babban wa ne?"

Ranar nan ko tuwo bai iya ci ba. Kowane dum ji yake kamar a bayansa ake bugawa. Da Madugu ya iso, tun bai kwance wa jakuna kaya ba Nomau ya aika masa.

Ya ce, "Bana nawa ka ba shi?"

Madugu ya ce, "Bana bai karɓa ba, ranka ya daɗe. Biya ma ya yi."

Nomau ya yi tsaki. Ya ce, "Rowa ce irin tasa. Ni ba ni na dubu."

Sai Madugu ya juya ya dubi ƙofar rumbu, ya ga sabuwar ƙwarya tana lilo. Sai ya shafa gemu.

Ya ce, "An gama. Ƙwarya dubu, da ƙwaryar gari, ranar biya. A haɗa da na farko a biya rana ɗaya. Ni ba na gaggawa."

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, ko a gyara hanyar fadama? Jakuna ba sa iya fito da rake, ruɓewa yake yi a gona."

Ya ce, "Iya, hanya tana ƙara? Za a ji ta daga hayi?"

Sai ya aika ƙasa-ƙasa aka kawo makaɗa arba'in, da masu kalangu da masu ganga da masu algaita, da maroƙa goma masu manyan muryoyi. Ya ba su gidajen mutanen da suka tashi. Aikinsu ɗaya, su tsaya a bakin kogi su fuskanci hayi su yi ta kiɗa daga hantsi har faɗuwar rana. Maroƙa suna ihu, "Nomau babban wa! Mai soron da ya tokare gajimare!" Nomau yana can sama yana gyaɗa kai. Mutanen hayi kuwa suka samu kiɗan banza, 'yan mata suna talla suna taka rawa.

To makaɗi ba ya noma, amma yana cin tuwo, kuma makaɗi da ƙaramin ciki ni ban taɓa gani ba. Mutum hamsin da matansu da 'ya'yansu, safe da yamma. Kafin ruwa ya ɗauke kayan Madugu sun ƙare, rumbun gari ya sake zama fayau.

Kaka ta yi. Sai Nomau ya sauke mai cin biyu, ya rataye mai cin uku.

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ƙwaryar Baba ba ce."

Ya ce, "Guda ce ko biyu?"

"Guda ce."

"To auna, Iya."

Sai ta auna tana sunkuyar da kai, don ba ta iya haɗa ido da mutane. Wani manomi, ana ce masa Jatau, ya tsaya yana kallo ana kwasar geronsa. Ya ce, "Iya Tasalla, bana na noma dami ɗari. Baɗi ashirin zan noma, iyakar cikin gidana. In na ƙara, wa nake yi wa?" Haka kuwa aka yi. Gonaki suka koma saura. Maƙeri ya ga ba mai sayen fartanya, ya naɗe zugazuginsa ya haye. Mahauci ya yanka akuya ta kwana uku ba ta ƙare ba, shi ma ya haye. Mata in suna daka sai ka ji suna waƙa ƙasa-ƙasa:

"Ƙwarya ta yi ƙiba, rumbu ya rame,
Mai gari na sama yana leƙen hayi.
Ba ni taɓarya in daka ɗan saura,
Kafin ƙwarya ta ji ƙamshinsa."

A can kuwa, Arzika ya ga mutane suna shan wuyar kogi, har jakin wani bafatake ya nutse da kayansa. Sai ya tara dattawa ya ce ga abin da ke rumbu, me za a yi da shi? Suka ce kadarko. Sai aka jera giginyoyi aka yi kadarko tun daga wannan gaɓa har waccan. Yanzu ko da damina mutum sai ya haye ƙafarsa a bushe.

Nomau ya hau soro ya ga kadarko. Ya ga mutanensa suna bi ta kai da tabarmi da tukwane a ka. Ya hango Arzika zaune a gindin tsamiya a kan buzu, ba soro ba makaɗi, mutane kewaye da shi ana dariya. Dariyar nan ita ta fi cin ransa. Ya sauko idonsa jajir. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, ba ciwon komai sai na ganin ɗan'uwa. Wallahi ku yara, hassada aiki ce, mai yin ta ba ya hutawa.

Madugu ya iso, aka kira shi.

Nomau ya ce, "Bana fa?"

Madugu ya ce, "Ya kawo kashi na biyu. Saura kaɗan ya fita."

"Kada ka ƙara yi min zancensa! Ba ni na dubu."

Madugu ya dubi ƙofar rumbu, ya ga mai cin uku. Har sai da haƙoransa suka fito.

Ya ce, "An gama, ranka ya daɗe. Ƙwarya dubu, da ƙwaryar gari, ranar biya. Dubu uku ke nan, bayan kakar nan mai zuwa."

Wannan karon Tasalla ba ta ce a gyara komai ba, ta san bakinta kawai za ta ɓata. Sai Nomau ya sa aka ja ganuwa doguwa a bakin kogi, don kada idonsa ya ƙara ganin hayi, kada kuma mutanensa su gani. Aka gama ganuwa, aka yi mata ƙofa ɗaya. Sai ga shi soron da ya gina ya fi ganuwar tsawo. Kullum la'asar sai ya ce yau ba zai hau ba, kullum sai ƙafarsa ta kai shi.

Kaka ta uku ta yi. Gida ɗari uku sun koma sittin. Nomau ya lissafa ya ga ranar Madugu ta matso. Sai ya aika aka nemo masaki, ƙaton gaske, irin wanda ake yi wa jariri wanka a ciki har uwar ta samu wurin sa hannu. Yana cin ƙwaryar Barmo biyar. Igiya biyu aka sa kafin ya ratayu. Sai ya sa makaɗa suka zaga gari, maroƙa suna shela, "Ku ji, ku ji! Daga yau wannan ita ce ƙwaryar Tudun Marke! Wanda ya ce ba ita ba ce, ya yi da mai gari!"

Tasalla ta zo, ta zagaya masakin nan sau ɗaya.

Ta ce, "Nomau."

Ya ce, "Yau babu ranka ya daɗe?"

Ta ce, "Ni na goya ka, in na ga dama in kira ka da sunanka. Wannan ba ƙwaryar Baba ba ce, kuma hannuna ba zai ɗaga ta ba. Ka tsaya ka ji. Abin da ka rataye a ƙofar nan ba talaka kaɗai yake aunawa ba, akwai wanda..."

Ya daka mata tsawa. Ya ce, "Arzika ne ya aiko ki? Tun tuni na san zuciyarki tana hayi. Bi ta ki same ta!"

Ta zaga bayan rumbu, ta kori kaji, ta ɗauki ƙwaryar Barmo ta zubar da ruwan ciki. Ta goge ta da bakin zanenta, ta kifa a ka, ta bi kadarko ta tafi.

Makaɗa suka yi awon da kansu, mutum biyu-biyu suna ɗaga masaki. Aka bi gida sittin ɗin nan aka kwashe. Da aka tara, abin da aka samu bai kai rabin abin da ƙaramar ƙwarya take tarawa a zamanin Barmo ba. Da gari ya waye, gida talatin sun ƙara tashi, har da Jatau.

Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga ƙurar ayari. Madugu Cindo ne da jakuna ɗari biyu, duk da buhuna wofi. Ya yi gaisuwa, ya zauna, ya sha ruwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, yau ce ranar."

Nomau ya ce, "Na sani. Abin da ke rumbu da na rumbun iri, in aka haɗa zai kusa dubu uku. Sauran ka yi min haƙuri zuwa baɗi."

Madugu ya ce, "Madalla. A sauko da ƙwaryar gari."

Yaransa suka nufi masaki. Nomau ya miƙe zumbur.

Ya ce, "Kai, kai, kai! Ba da wannan ba! Da ƙarama ka ba ni!"

Madugu ya ce, "Me muka yi da kai? Da ƙwaryar gari, ranar biya. Sau uku na faɗa, sau uku ka amsa."

"Wannan ta haraji ce!"

"Garinku ƙwarya biyu gare shi? Ni jiya a zango na kwana, har can na jiyo maroƙanka suna cewa wannan ita ce ƙwaryar Tudun Marke, wanda ya ce ba ita ba ce ya yi da mai gari. Ni baƙo, ina ni ina yi da mai gari?"

Nomau ya waiwaya ya dubi dattawan da suka rage, ko wani zai tsaya masa. Suka sunkuyar da kai. Ɗaya ya ce, "Al'ada ce, ranka ya daɗe. Mu ma jiya da ita aka auna mana."

Sai ya ruga bayan rumbu da kansa, babbar riga tana jan ƙasa, yana cewa, "Ƙwaryar Baba! Ina ƙwaryar Baba?" Bai tarar da komai ba sai kaji da gurbin da ta bari a ƙasa.

Sai aka fara awo. Masaki ɗaya, masaki biyu. Rumbun gari ya ƙare ba a kai ɗari huɗu ba. Aka fasa rumbun iri, wanda ko a shekarar fara Barmo bai taɓa buɗe shi ba, aka share shi tas. Aka kora shanun gari. Aka ɓalle ƙyauren ganuwa. Aka hau soro aka zare azara ɗaya bayan ɗaya aka ɗora wa jakuna. Makaɗa da suka ga an rufe tukunya, sai suka rataya gangunansu suka bi ayari, ko sallama babu. Madugu ya ce sauran bashin ya rubuta, zai riƙa waiwayowa. Ruwan farko da aka yi, soro ba rufi, sai ya jiƙe ya zauna.

Ga damina ta sauka, babu iri, babu na tuwo. Gidan Nomau mutum goma sha ɗaya. Ya daure kwana ɗaya, ya daure biyu. Rana ta uku autarsa ta daina kuka don ba ƙarfin yi. Sai ya ja rawani ya rufe fuska, ya kwashi iyalinsa, ya hau kadarkon nan da ya tsana.

Ya tarar da Arzika a gindin tsamiya. Arzika ya miƙe ya rusuna.

Ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. Ga buzu."

Nomau ya dubi kasuwa, ya dubi rijiya, ya dubi turkuɗi a shanye. Har a wannan hali sai da ya ce, "Kai dai Baba ya fi so. Ƙwaryar da ya ba ka ta fi tawa albarka."

Arzika ya ce, "Duma ɗaya ne, Yaya, a gabanka aka fafe. Ku shiga gida, ɗaki na nan, tuwon yau nawa ne. Amma na gobe da jibi sai an je rumbu. An buɗe shi saboda mutanen Tudun Marke, kowane gida ƙwarya guda duk kwana biyu, har a kai kaka."

"To aika a kawo min."

"Ba nawa ba ne, Yaya, na gari ne. Ko ni ba na aikawa. Mai gida da kansa yake zuwa ya bi layi."

Washegari Nomau ya je ya bi layi. Wanda ke gabansa Jatau ne. Jatau ya waiwayo ya gan shi, ya ce, "Ina kwana," ya juya. A bakin rumbu kuwa wa zai gani zaune da zane ɗaure a ƙirji? Tasalla. A ƙofar rumbun ga ƙwaryar Arzika a rataye, ta tsufa ta yi baƙi, gyartai ya ɗinke ta wuri uku.

Da layi ya zo kansa, sai Tasalla ta sa hannu a bayanta ta ɗauko wata ƙwarya. Ta sauko da ta Arzika, ta kifa wannan a kan wannan a gaban kowa. Suka haɗu ƙam. Sai ta raba su, ta cika ta Nomau da gero, ta shafe bakin da tafin hannu, ta miƙa masa.

Ya dubi ƙwarya, ya dube ta. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Iya, mu goma sha ɗaya ne. Wannan 'yar abar?"

Ta ce, "Je ka ka gwada. Tafi da ƙwaryar, taka ce. Jibi ka dawo da ita."

Sai ya ɗauka ya ratsa kasuwa da ita a hannu. Babu wanda ya zage shi. Sai dai duk ɗan Tudun Marke da ya ga ƙwaryar nan ya gane ta, sai ya bi ta da ido har ta wuce.

Matarsa ta surfa, ta daka, ta yi kunu, ta yi tuwo. Aka ci ranar, aka ci washegari. Mutum goma sha ɗaya, kowa ya ƙoshi, autar ta tashi tana wasa. Da yamma ta biyu aka ajiye wa Nomau nasa akushi. Sai ya ɗauki ƙwaryar ubansa ya ɗora a cinya, ya fara lissafi da yatsu. Wannan guda, cin gida na kwana biyu. Masaki biyar ɗinta, kwana goma ke nan. A kowane dami biyar. A kowane gida. Ya tuna Jatau tsaye yana kallo ana kwasar geronsa. Shi kuwa a lokacin yana can sama, ya juya wa garinsa baya yana kallon hayi.

Autar ta ce, "Baba, ba ka ci ba."

Ya ce, "Ci, 'yata. Na wani ne nake ta ci shekara uku."

Gari na wayewa ya ɗauki ƙwarya ya koma layi.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu mai satar tsaba. Ba don ta ƙare ba da na ƙara muku.

Kaka Hakama ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta. Ta ce, "To kun ji. Su biyun duk sun karɓi haraji, su biyun duk sun ci bashi. Ɗaya ya mayar wa mutane abinsu ya zama rijiya, ɗaya ya kashe don a hango shi daga hayi. In Allah ya ba ɗayanku riƙon abin jama'a wata rana, ya dubi masu ba shi, ya bar kallon na ɗan'uwa."

Sa'a ta ce, "Kaka, Barira ba ta ci gyaɗarta ba."

Barira ta dubi ƙoƙonta. Yana nan cike yadda aka ba ta, gyaɗar har ta huce.

Kaka ta ce, "Ai tana can kan soro. Sauko ki ci abinki, ku tashi ku kwanta."